Shaiduna na Ƙarƙashin Gungume

Bas ta ajiye ni a bakin wani gidan mai da misalin la'asar, ta juya ta koma inda ta fito. Na tsaya da akwatina ina kallon garin da na sha faɗa wa mutanen Gwarzo cewa can zan je karatu. Titi ɗaya ne, da coci, da kantin kayan noma. Sauran duk duwatsu ne, baƙi wuluk, sun tare rabin sama. Watan Janairu ne, kuma sanyin wurin a haƙora na fara jin sa kafin in ji shi a fata.

Sunana Habibu. A Gammo aka haife ni, ta ƙasar Kabo, a gidan malamai, har yau Baba yana ba da karatu a zaurensa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Gwarzo, kafin Allah ya buɗe min hanyar digiri na biyu a wata ƙaramar jami'a a Amurka, cikin tsaunukan Afalashiya. Na baro matata Safiya da yara uku. Abin da na zo karantawa kuwa ko sunansa ba mu da shi da Hausa. Salamanda ake ce masa. Duk shekara nakan kwafo hotonsa daga littafi in zana a allo, in ce wa ɗalibai ɗan uwan kwaɗo ne mai siffar ƙadangare. Ban taɓa ganinsa ba.

An rubuto min cewa wani ɗalibi mai suna Kevin zai tarye ni. Na yi awa biyu babu shi. Matar da ke sayar da kaya a gidan man ta leƙo ta ga ina ta tattaka ƙasa, ta yafuto ni, ta zaunar da ni kusa da na'urar ɗumi, ta miƙo min kofi mai zafi. Duk abin da ta faɗa ban gane ko rabi ba, ni da nake ganin na iya Turanci. Daga baya Kevin ya iso cikin wata tsohuwar a-kori-kura, yana dariya, yana ba da haƙuri, ya ɗauki akwatina da hannu ɗaya. Saurayi ne dogo mai saurin sabo. Kafin mu kai masauki na riga na ce a raina na yi aboki.

Wata huɗu na farko aji ne da ɗaki. Abin da ya fi damuna gaisuwa. Mutum zai tambaye ka lafiyarka yana tafiya, kafin ka buɗe baki ya sha kwana. Ranar farko na tsaya ina amsa wa wani, ina shirin tambayarsa iyali da gajiya, na waiga na ga ƙofa ce kawai ke lilo. Masallacin da ya fi kusa tafiyar awa biyu ce a mota, don haka Juma'a sai wadda Allah ya nufa. Na koyi tuƙa tuwo da garin masararsu, miya kuma kuɓewar kanti ce, babu daddawa babu kuka. In ci, in zauna ina kallon duwatsun nan ta taga, ina tambayar kaina me ya kawo ni.

Malamata, Farfesa Ruth, tsohuwa ce siririya, kanta fari fat, hannayenta irin na manoma. Gwiwarta ta dama ta lalace, da sanda take hawa bene. Ba ta da yawan magana. Wata rana a ƙarshen Afrilu ta kalli takalman da na saya a Kano, ta girgiza kai. Washegari ta ajiye min wasu manyan takalman hawan dutse a kan tebur.

"Na mijina ne," in ji ta. "Ya rasu. Ƙafarku za ta zo ɗaya."

Na fara jero godiya da addu'a irin tamu, ta ɗaga hannu ta ce gobe da safe in shirya.

Ban san yadda zan kwatanta wa mutumin Kabo dajin nan ba. Mu abin da muka sani, itace yana tsaye shi kaɗai a gona, ka san shi, ka san mai shi. Can kuwa itatuwa ne kan itatuwa, dogaye har sai hularka ta faɗi, rana ba ta isa ƙasa sai 'yar ɗigo-ɗigo. Ko'ina ruwa na tsatsowa. Duwatsu sun yi gansakuka kore shar, mai laushi kamar bargo. Ƙasa kuma ganye ne ruɓaɓɓe, ka taka ƙafarka ta nutse. Ga manyan gungumen itace kwance, sun shekara da shekaru suna ruɓewa, babu wanda ya zo ya faskara ya kai gida. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Mun yi nisa da hawa, Farfesa ta tsaya tana haki, ta nuna min wani gungume da sandarta.

"Ɗaga ta ɓangarenka, a hankali."

Na durƙusa na ɗaga. Ga shi nan. Tsawonsa bai fi yatsana na tsakiya da rabi ba, baƙi, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, idanu bulu-bulu a waje. Ƙafafunsa huɗu kuwa ja wur, kamar wadda ta kwana da lalle. Bai gudu ba. Maƙogwaronsa kawai ke motsi. Na ji bakina yana cewa subhanallah, subhanallah, ban san sau nawa ba.

Ta ce in jiƙa hannuna tukuna. Na ɗora shi a tafina, sanyi ƙalau, ba shi da nauyin komai.

"Ba shi da huhu," in ji ta.

Na san haka a littafi. Amma ka riƙe mai rai a hannunka, yana kallonka, a ce maka ba shi da huhu, da fatarsa yake shan iska, wannan wani abu ne daban. Idan fatar ta bushe ya mutu. Kuma duk da haka ba ya shiga ruwa. Kwaɗonmu sai ya koma kududdufi ya yi ƙwai, ƙwan ya zama talibambam. Wannan a tudu yake ƙwansa, a cikin ruɓaɓɓen itace ko ramin ƙasa, ɗan ya fito da ƙafafunsa cif.

Da muka kai wani fili a sama inda ake hango nesa, ta zauna a kan dutse ta fara nuna min. Wannan dutsen da muke kai, masu jan ƙafa ne. Wancan na hayin kogi, da ake gani shuɗi-shuɗi, nasa ƙafafunsu baƙi ne, kumatunsu ne ja. Can gaba kuma akwai masu ruwan toka, ba ja ko kaɗan. Kowane kan dutse da nasa. Ta ce a zamanin da duniya ta fi haka sanyi, kakanninsu suna iya ratsa kwari su haɗu. Da aka yi ɗumi sai suka haura sama neman sanyi da laima, kwarin ya zame musu katanga. Kowane gida ya zauna a dutsensa, tsawon zamanin da ba ya ƙirguwa a kai, har kamanninsu suka bambanta.

"To jinsi ɗaya ne ko da yawa?" na tambaya.

Ta yi 'yar dariya, karo na farko da na ji. Ta ce a kan wannan tambayar ta tsufa. Na da can sun haɗa su a suna ɗaya saboda kama. Da aka fara duba ƙwayoyin halittarsu aka ga ba haka ba ne, aka rarraba su, har ma waɗansu da ido ba zai taɓa bambanta su ba suka tashi jinsi daban-daban. Kuma har yau ana gardama. A gindin dutsen nan akwai wani iri, ya fi girma, baƙi mai ɗigon fari, wanda idan ka kama shi yakan fitar da danƙo ya manne maka yatsu har kwana biyu. A tsakiyar dutse, inda na sama da na ƙasa suke haɗuwa, suna barbara, a sami 'yan ruwa biyu: ɗigon fari a baya, ɗan ja a ƙafa. Aikinmu na wannan daminar shi ne mu zana taswirar inda wannan ya ƙare, inda wancan ya fara.

Gwiwarta ba za ta iya hawa kullum ba, sai ta raba mana aikin. Ni dutsen arewa, Kevin dutsen kudu. Kullum da safe yakan sauke ni a gindin nawa ya wuce nasa, da yamma ya dawo ya ɗauke ni. Aikin ba wuya a faɗa. Ka hau, ka tsaya a wuraren da aka ƙayyade, waɗanda muke kira tasha, ka ɗaga gungume da duwatsu. Wanda ka samu, ka rubuta launinsa da lambar wurin daga 'yar na'urar nuna wuri, ka yanki ɗan ƙarshen wutsiyarsa ka sa a 'yar kwalba. Wutsiyar takan sake tsirowa. Sai ka mayar da gungumen yadda yake, sannan ka ajiye dabbar a gefensa ta shige da kanta, don kada ka danne ta.

Ban da takardar aiki, ina da wani ƙaramin littafi a aljihu da nake rubutu da ajami, yadda Baba ya koya mana. Ba don kowa ba, don kaina. Babu wanda zan yi Hausa da shi, sai na koma yi da takarda. Nakan rubuta irin su: gungume mai rami kusa da itace mai kai biyu, na ƙarƙashinsa ƙato ne, ba shi da yatsa ɗaya a ƙafar baya. Haka na yi sati biyar. Cinyoyina suka daina ciwo. Nakan yi alwala a idon ruwa mai sanyin ƙanƙara, in shimfiɗa rigar ruwata in yi azahar, babu motsin kowa sai tsuntsayen da ban san sunansu ba.

Ranar da na kai tasha ta ƙarshe a can ƙololuwa, gajimare ya sauko ya same ni. Ban taɓa sanin mutum zai iya shiga cikin gajimare da ƙafarsa ba. Cikin ɗan lokaci na daina ganin itacen da ke gabana. Na'urar ta mutu, waya babu sabis. Na ce bari in bi gangara, ai duk gangara ƙasa take kaiwa. Ashe ta bayan dutsen nake sauka. Na faɗa wata sarƙaƙiya da sai da rarrafe, na fito, na taka wani dutse mai santsi, ƙafata ta hagu ta gurɗe. Na ji ƙarar a cikin kaina. Abin da na fara laluba jakar kwalabe ce. Ba ta fashe ba.

Na karya reshe na dogara, ina jan ƙafa ina bin wani ɗan rafi. Wajen la'asar na ji haushin karnuka. Na fito bayan wani gidan katako, ga karnuka uku, ga wani tsoho a tsaye da bindiga a hannu. Ni kuwa baƙin mutum, ga gemu, ga taɓo har wuya, na ɓullo masa daga daji. Na ɗaga hannu, na ce a raina Gammo ke nan sai a lahira.

"Me kake nema a filina?"

Turancin ya gudu. Na ce, "Salamanda."

Ya dube ni, ya dubi ƙafata. Sai ya kwantar da bakin bindigar, ya daka wa karnukan tsawa.

"Ƙadangarun marmaro? Su ka hau can sama nema?" Ya juya ya ƙwala kira cikin gida. "Fito ki ga wani, daga jami'a."

Sunansa Odel. Ya sa kafaɗarsa a hammatata ya shigar da ni. Matarsa ta naɗe min ƙafa da tsumma da ƙanƙara, ta zubo min wake a kwano. Na ga wani nama-nama a ciki, na tsaya ina juya cokali. Ta lura. Ta tambaye ni ko ni irin waɗanda ba sa cin alade ne, na ce e, ina jin kunya. Ta ɗauke kwanon, ta wanke wani kasko a gabana har sau biyu don in gani, ta soya min ƙwai, ta haɗo da burodin masara mai zafi da zuma. Wallahi ina ci hawaye na zuba, na ce musu zafin ƙafa ne.

Odel ya ce tun yana yaro suke kama su su yi kamun kifi da su, kuma shi a wurinsa iri biyu ne kawai, na ruwa da na itace. Da na ce masa masu jan ƙafan nan na bayan gidansa babu su ko'ina a duniya sai a 'yan duwatsun nan, ya ajiye kofinsa.

"Duk duniya?"

"Duk duniya."

Ya daɗe yana kallon dutsen ta taga. Ya ce shekararsa saba'in da wani abu a nan, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Kevin suka kira ya zo ya ɗauke ni. A mota ya ce in kwanta in huta, shi zai shigar da komai a kwamfuta, nawa da nasa, ya kai kwalaben ɗakin gwaji. Na miƙa masa jakar da takardun, har ina sa masa albarka.

A kwance Babbar Sallah ta same ni. Na kira gida, Safiya ta juya min waya ina ganin yara da sababbin kaya, hayaƙin suya na tashi a bayansu, an yi ruwa ƙasa ta yi ja. Da aka kai wa Baba, muka gaisa har ƙasa, ya tambayi ƙafa, ya ce gero ya kai gwiwa. Sannan ya gyara zama.

"Wannan abin da kake kamawa, Habibu, na ruwa ne ko na tudu?"

"Baba, a tudu yake, amma idan ya bushe ya mutu."

"Yana da jini mai gudana?"

"Yana da shi. Huhu ne ba shi da shi."

Na ji yana faɗa wa mutanen zaure, na ji ana salati. Ya dawo ya ce shi dai bai san babin da zai sa shi ba, amma Wanda ya yi shi ya sani. Ya ce in riƙe amana a duk abin da na rubuta, domin wanda bai je ba da maganata zai yi aiki. Da aka kashe wayar, ɗakin ya yi min faɗi.

A farkon Agusta, ina takawa sosai, Farfesa ta kira ni ofis. Ba ta ce in zauna ba. Ta juyo min da kwamfuta.

Sakamakon gwaji ne. Na dutse ɗaya ya fito tsaf: na ƙasa a ƙasa, 'yan ruwa biyu a tsakiya, masu jan ƙafa a sama. Na ɗaya dutsen kuwa shirme ne. Tun daga gindi har ƙololuwa duk irin na ƙasa ne, abin da ba zai yiwu ba. Har akwai kwalabe biyu da aka rubuta musu wurare masu nisa da juna, alhali daga jikin dabba ɗaya aka yanko. Wani ya tsaya a bakin hanya ya tara wutsiyoyi, ya rubuta musu lambobin ƙarya. Na duba saman shafin. Dutsen kudu, da sunana a kai. Dutsen arewa, sunan Kevin.

"Farfesa, ni arewa na hau. Ke kika raba mana."

Ta ce Kevin ya gaya mata tun satin farko muka yi musanya, wai na ce arewa ta fi ƙarfina. Ya kuma ce ranar da ya ɗauko ni a gidan Odel, ban ma san dutsen da nake kai ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi min ciwo, don akwai gaskiya a cikinta. Takardun hannu kuma ya ce ruwa ya lalata su, ya zubar.

"Habib, ban san wanda zan yarda da shi ba," in ji ta. "Amma dole in kai maganar gaba. Wanda ya yi wannan ba zai zauna a nan ba."

Na san ma'anar haka. Karatu ya ƙare, takardar zama ta ƙare. Wannan duk da sauƙi. Abin da na hango shi ne in shiga zauren Baba a tambaye ni dalili. Na ciro ɗan littafina na ajiye mata. Ta buɗe, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ba ta iya karanta Larabci ba, kuma ko ta iya, ai jiya ma mutum zai iya zama ya rubuta.

Ina tsaye, sai wata lakcarta ta faɗo min.

"Ke kika ce mana ba sa yawo. Kin ce ɗaya zai iya ƙare rayuwarsa a wurin da bai fi faɗin ɗaki ba, yana komawa gungume ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni.

"To suna nan. Mu je in gaya miki wanda ke ƙarƙashin kowane gungume kafin a ɗaga."

Ta dubi gwiwarta, ta dubi taga. An yi kwanaki ba ruwa, ta ce yanzu duk sun nutse cikin ƙasa, sai an yi ruwa. Ta ce za ta jira ruwa ɗaya, ba biyu ba.

Kwana tara na yi ina duban sama. Ni ɗan manoma, na san jiran ruwa, amma ban taɓa jiransa haka ba. Na haɗu da Kevin sau ɗaya a bakin ɗakin gwaji. Na ce masa, "Me na yi maka?" Ya ce bai san abin da nake magana a kai ba, yana kallon wayarsa. A rana ta tara hadari ya haɗo daga yamma, aka wuni ana yi. Washegari da sassafe Farfesa ta tsaya a ƙofata da motarta. Ta ce ta gayyaci Kevin, ya ce yana da uzuri.

Hawan da nake yi a awa ɗaya, sai da muka yi biyu da rabi. Tana taku goma ta tsaya. A tasha ta farko na buɗe littafi na karanta da Hausa, na fassara mata: gungume mai ɓawo a rabi, mai ɗigon fari, ƙarami. Na ɗaga. Babu komai sai tsutsa. A ta biyu na sami gungumen, na ɗaga, wani ɗan ƙarami ya fito da wutsiyarsa cikakkiya, ba nawa ba ne. Ta rubuta wani abu a takardarta. Na fara tunanin ko maciji ya cinye su, ko zafin kwanakin nan ya kashe su.

Tasha ta uku ita ce ta itace mai kai biyu. Na hango shi tun daga nesa.

"Gungume mai rami," na ce. "Ƙato ne, ɗan ruwa biyu. Ja a ƙafafun gaba kawai. Ƙafar baya ta dama ba yatsa ɗaya."

Ta jingine sandarta, ta durƙusa da ƙyar a kan gwiwar mai lafiya. Na yi bisimilla na ɗaga.

Yana nan kwance, a daidai inda na bar shi wata biyu da suka wuce. Ƙarshen wutsiyarsa sabon tsiro ne, gajere, fari-fari. Ta jiƙa hannu ta ɗauke shi, ta sa tabarau, ta juya ƙafar bayan tana ƙirgawa da leɓe. Ta sake ƙirgawa. Ta ajiye shi a gefen gungumen, muka zuba masa ido har ya shige.

"Karanta na gaba," in ji ta.

Na ce ai ya isa, ta tausaya wa ƙafarta. Ta ce ba don ni za ta hau ba yanzu. Cikin tasha shida da muka ƙara, mun sami nawa a huɗu, kowanne yadda na faɗa. Muna hawa ɗigon farin yana raguwa a bayansu, jan yana ƙaruwa a ƙafa, kaɗan-kaɗan, har muka kai inda babu fari sam. Na taɓa ganin haka ni kaɗai, a rarrabe cikin sati biyar. Ganinsa a wuni ɗaya, daga gungume zuwa gungume, ya sa tsigar jikina ta tashi.

Can kusa da sama akwai wani tsohon gungume da ya ruɓe har ya yi laushi. A littafina na rubuta mace ce, siririya, ja har cinya. Muka kama shi mu biyu muka ɗaga, sai wani ɓangare ya buɗe.

A cikin wani ɗan kogo da bai fi ƙwan kaza ba, ga ƙwayaye farare a cure, suna rataye kamar 'ya'yan inabi. Ita kuma ta naɗe jikinta a kansu, da guntuwar wutsiyarta. A cikin kowane ƙwai ana ganin ɗan abu a lanƙwashe, da ɗigon idanu biyu. Ɗaya ya motsa. Uwar ta ɗago kai ta fuskance mu, mu ƙatti biyu, ba ta matsa ko'ina ba.

Farfesa ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce uwar takan zauna haka wata da watanni, kusan ba ta cin komai, tana kare su daga bushewa da masu ci. Ta ce duk tsawon aikinta, sau nawa ta ga wannan bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ba mu auna ba, ba mu ɗauki hoto ba. Muka mayar da itacen a hankali, ita da gefe ni da gefe, muka tattaro ganye muka toshe inda ya tsage.

Muka zauna a wurin. Gajimare ya yaye, duwatsu suka fito jere-jere har inda ido ya ƙare, kowanne da nasa a ƙarƙashin ganye.

"Na yi maka laifi, Habib," in ji ta. "Na fi saurin yarda da wanda ya yi kama da ni."

Na ce ya wuce. Ta ce bai wuce ba, amma ta gode. Azahar ta yi, na nemi idon ruwa. Da na idar na tarar ta juya baya tana gadin jakata, ta cire hularta ta riƙe a hannu. A saukowa ni na zame mata sanda ta biyu.

Kevin bai ƙarasa shekarar ba. Na ji an ce a kwanakin da nake hawan dutse wani aiki yake yi a gari bayan ya sauke ni. Ban sake ganinsa ba, kuma ban taɓa sanin dalilin da ya sa ya zaɓi ya ɗora min ba. Damina ta gaba ni na hau dutsen kudu daga gindi har sama, na cike taswirar. Odel ya bar ni ina bi ta filinsa da ke tsakanin duwatsun biyu, karnukan har sun san ni.

Yanzu ina Gwarzo, na koma aji. Taswirar tana cikin akwati, kowane gungume da ɗigonsa da lambarsa. Wani lokaci idan aka yi ruwan Agusta, ina kan babur a hanyar Gammo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, sai uwar ƙwayayen nan ta faɗo min a rai. Farfesa ta ce suna daɗewa, wasu sukan haura shekara goma. Idan tana raye, na san gungumen da take.